Rigar da Ta Rage a Jakar Kawu

Ranar da muka yi wa Kawuna salla a masallacin Whitechapel, sahu biyu ne, na biyun ma bai cika ba. Rabin waɗanda suka tsaya mutanen Bangladash ne da suka zo azahar suka tarar da gawa. Namu Hausawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wannan kuwa mutum ne da ya haura shekara ashirin yana wanke gawar duk ɗan Arewan da ya mutu a Landan.

Wani likita ɗan garinmu ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya duba agogo, ya ce yana da marasa lafiya. Wani Alhaji mai katafaren gida, wanda Kawu ya sha tarbar 'ya'yansa a filin jirgi cikin sanyi, ya aiko direba da buhun shinkafa, shi bai zo ba. A bayana kuma ɗalibai biyu suna ɗaura takalma, ɗaya ya ce wa ɗaya yau ofis sun yi rashin ma'aikaci. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai mai maganar ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kai ma ka huta. Ai da kai ya fara."

Na gyaɗa masa kai. Ana ɗaukar gawar ƙanin mahaifiyata ana sawa a mota, ni kuwa na gyaɗa kai.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, sai makarantar koyon sana'a. Da Kawu zai ga wannan rubutu, da ya cika shi da jan biro kafin ya kai rabi. Amma tun da muka rufe shi ban ji wanda ya faɗi abin kirki a kansa ba, kuma ni na jawo haka. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan ce Kawu mutum ne mai daɗin zama ba, don ba haka yake ba. Yana da girman kai, yana da zafin baki. In ka gaishe shi da hannu a aljihu sai ya tambaye ka ko hannun naka ya mutu. In ka kawo masa takardar makaranta ya duba, sai ya sa rula a ƙarƙashin kowane layi yana bi, in ya gama ya ce, "Wa ya rubuta maka wannan, in je in yi masa ta'aziyya?" Sannan ya zauna da kai har sai ta gyaru. Mutane suna karɓar gyaran, su tafi da zagin a ciki.

Tun ina yaro nake jin labarin ƙafarsa ta hagu. A kwalejin da ya yi a gida, Mai Hagu suke ce masa. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, ta haddace labarin wasan da wani malaminsu Bature ya ba shi takalmin ƙwallo. Ya buga rabin farko da su bai taɓuka komai ba, ana ta yi masa ihu. Da aka je hutu ya cire su, ya ajiye a gaban malamin, ya koma ƙafa ba takalmi ya zura uku. Mahaifiyata takan ce mutanen gari har bisa katanga suke hawa don su gan shi. Shi kuwa in aka tayar da zancen sai ya ce ba uku ba ne, huɗu ne, alƙalin wasa ya hana ɗaya don kunyar baƙi. Har ya mutu bai yafe wa alƙalin nan ba.

Ƙwallon ba ta hana shi karatu ba. Shi ya zo na ɗaya a ajinsu, aka turo shi Landan, ya yi digiri a Bloomsbury, daga baya aka riƙe shi yana koya wa Turawa Hausa. Na taɓa raka shi na zauna a bayan aji. Wani Bature mai furfura ya yi ta fama da kalmar ƙwarya, Kawu ya sa shi ya maimaita har fuskarsa ta yi ja. A hanya na ce ai ya tausaya wa tsoho. Ya ce lokacin da suke koya masa Turanci ba wanda ya tausaya masa.

Sauran lokacinsa na mutane ne. Shi ne tafinta a asibiti in an kawo tsoho daga gida neman magani. Shi ke neman ɗakin haya wa sabon zuwa, ya nuna masa yadda ake shiga tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, da inda ake sayar da naman halal. Likkafani kuwa ba ya yankewa a saman kabad ɗinsa.

Sai kuma ƙwallon Asabar, wadda ita ce maganar da nake son yi.

Akwai wani fili a gabashin gari inda muke haɗuwa kowace Asabar ƙarfe goma na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Kawu yana zuwa da wata tsohuwar jakar fata cike da rigunan ƙwallo. Kowane ɗan Arewa da ya sauka Landan ta hannunsa yana da rigarsa, da lambarsa, ko ya iya ƙwallo ko bai iya ba. Akwai masu tumbi da ba sa gudu ko kaɗan, amma dole su sa riga su tsaya a gefe. In an tashi kowa ya cire ya mayar, matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta wanke su da hannu a bahon wanka, ta shanya a kan hitar ɗumama ɗaki.

Mu muna ɗauka son mulki ne. Amma ga yadda abin yake: in an raba riguna, sai ya leƙa jakar ya ce, "Wa ya rage?" Duk rigar da ta kwana a jaka, Lahadi da safe Kawu yana ƙofar mai ita. Ba ya tambayar dalili. Ya ga fuskarka, ya buɗe tukunyarka ya ga ko akwai abinci, ya taɓa hita ya ji ko tana aiki, ya zage ka, ya tafi. A garin da mutum zai yi wata bai ji an kira sunansa daidai ba, wannan jaka ita ce kaɗai wurin da ake lura in ka ɓace. A lokacin ban gane haka ba. Ko in ce na gane, amma bai yi mini daɗi ba.

Na zo Landan a shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, ana ta tura mutane kwas kamar ana rabon goro. Ni aka turo ni koyon aikin injin ɗab'i. Kawu ya tarbe ni, ya ba ni riga mai lamba biyar, ya sa ni baya. A wasan farko na tsaya ina jiran ƙwallo ta zo, ya daka mini tsawa daga tsakiyar fili ya ce ɗan Yaya, nan ba tashar mota ba ce. Kowa ya yi dariya, sunan ya bi ni, aka riƙa ce mini Tasha. Na ƙulla masa tun daga ranar.

Karatun ya fi ƙarfina, gaskiyar ke nan. Turancin malaman ba na kama shi, kuma ina jin kunyar in faɗa, balle in kai wa Kawu ya sa mini rula. Sai na daina shiga aji. Na sami aiki a masana'antar motoci a Dagenham, na sayi wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, na daina zuwa fili. Lahadi uku a jere yana zuwa ƙofata. Ta ukun ya ga rigar aikin masana'anta a rataye, ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Wannan ce injin ɗab'in?" Ya ce in koma aji ranar Litinin, zai zauna da ni kullum da yamma har in kama. Na ce to. Ban koma ba.

Bayan wata biyu aka soke mini gurbin karatu. Takardar ta faɗi dalili a fili: makarantar ce ta rubuta wa ofishin kula da ɗalibai cewa ba a ganina. Na karanta ta sau biyu, na fahimce ta sarai, na yayyaga ta.

Ranar Juma'a a bakin masallaci aka tambaye ni me ya faru. Na ce Kawu ne. Na ce jakar nan da kuke gani ba ta ƙwallo ba ce, rajista ce. Duk wanda rigarsa ta rage, sunansa yana ofis ranar Litinin. Na ce buɗe tukunya da leƙen ɗaki da yake yi, rahoto yake haɗawa. Na ce in zai yi wa ɗan yayarsa haka, wa zai bari?

Ban yi tsammanin maganar za ta kama kamar yadda ta kama ba. Amma a shekarun nan kusan kowa yana da abin ɓoyewa: wani yana aiki a ɓoye, wani ya auri Baturiya ba a sani ba a gida, wani ya fi zama gidan rawa a kan aji. Kuma kowa yana da zagin Kawu da yake riƙe da shi. Cikin wata guda filin ya watse. Aka riƙa ce wa masu gidajen haya in dogon dattijon nan mai jaka ya zo, a ce ba a nan. Na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa na gaya mata abin da na gaya wa mutane. Ta aiko masa da saƙo cewa ba ita ba shi, kuma ba ta ƙara amsa wasiƙarsa ba.

Golanmu, mai riga lamba ɗaya, wani ɗalibi ne mai karatun haɗa magunguna. Shiru-shiru ne, ba shi da aboki sosai, kuma duk hunturu ƙirjinsa yana damunsa. Yana wankin kwanuka a wani gidan abinci a ɓoye don ya aika wa iyayensa abin da ya samu. Ya zo wurina ya ce Kawu ya taɓa ganinsa a ƙofar gidan abincin, yaya zai yi? Da na gaya masa gaskiya a ranar, da shi ke nan. Sai na ce ya tashi daga ɗakinsa, kada ya gaya wa kowa inda ya koma. Ni na samo masa wani ɗaki a saman bene, ni na ɗaukar masa akwati. Duk Landan ni kaɗai na san ƙofar. Ban ƙara komawa ba, don ganinsa yana tuna mini abin da na yi.

Sanyi ya shiga ƙirjinsa a hunturun nan. Sai da wari ya sauko bene mai gidan ta kira 'yan sanda. A aljihun kwat ɗinsa suka sami lambar wayar Kawu, wadda yake ba kowane sabon zuwa ya ce a ajiye a jiki. Likita ya ce da an kai shi asibiti a kwanakin farko, da wataƙila ya tashi.

Kawu ya aiko a kira ni in riƙe masa buta. Ba wanda ya yarda ya zo, ni ma don ba yadda zan ƙi ne. Gawar ta wuce a cuɗa ta, sai dai a zuba ruwa a hankali. Muna cikin yi, bai ɗago kai ba, ya tambaye ni ko na san inda yaron yake zaune. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Zuba ruwa."

Bayan mun dawo daga maƙabarta, muna tsaye a tashar tube, sai ya ce ya je ya ga mai gidan. Ta ce wani dogo mai tabo a gira ne ya kawo wa yaron kaya. Na sa hannu na rufe girata kamar wawa.

Ya ce, "Mako shida ina yawo da rigarsa ina neman ƙofarsa. Kai kana da ita a aljihu."

Na ce Kawu, ka yi haƙuri. Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, wanda zan ba mun baro shi a ƙasa. Ya ce tun Juma'ar farko ya san bakin da maganar ta fito.

"Ba zan tona ka ba. Yaya ɗa ɗaya gare ta, gara ta tsane ni da ta san abin da ta haifa. Amma kada ka ɗauka don kai na yi. Ni ba na ƙaunar ganinka."

Jirgi ya zo. Ya shiga, ya juyo kafin ƙofa ta rufe ya ce, "Asabar ƙarfe goma. Rigarka tana jaka."

Ban je ba. Shekara biyar ban je ba. Abin da ya fi muni, da mutane suka ce tsoron Kawu ne ya sa yaron ya ɓuya har ya mutu, ban ce uffan ba. Aka ɗora masa gawar ma a kansa. Duk da haka in an yi mutuwa shi ake kira, don ba wanda ya iya ko yake so. A bar shi ya gama wanka, a ƙi ba shi hannu. Shi ma bai rage komai ba. Ya ƙara zafi, ya daina amsa gaisuwar da ba a yi ta da kyau ba, ya riƙa kiran mu taron tsaki a gaban idonmu. Na taɓa hango shi daga saman bas wata Asabar, shi kaɗai a filin, ya ajiye jaka a gindin raga, yana buga ƙwallo da hagu tana dukan ƙarfe tana dawowa. Na sunkuyar da kai har bas ta wuce.

Zuciya ce ta kashe shi. Ya faɗi a matakalar makaranta da takardun ɗalibai a hannu, kwana biyu a asibiti ya cika. Inna ta aiko mini tun ranar farko. Na ce sai an tashi daga aiki ranar Juma'a. Ya rasu Laraba.

Ranar addu'ar bakwai mutane sun ɗan fi yawa, don an ji Inna ta yi waina. Maza muna falo, mata suna kicin da kan matakala. Da malam ya shafa fatiha na ce ina da magana. Na faɗi duka: takardar da na yaga, Juma'ar bakin masallaci, akwatin da na ɗauka zuwa saman bene. Ban iya tsara magana ba, na yi ta komawa baya, amma na faɗa.

Na zaci za a rufe ni da duka. Ba haka aka yi ba. Likitan nan ya ce wannan ba wurinsa ba ne, ba a tone-tone a zaman makoki. Ɗalibin da ya taɓa kafaɗata ya ce ai shi ba a bakina ya ji ba, a wurin mutane da yawa ya ji. Na ce su ma a bakina suka ji. Wani ya ce ko ban yi ƙarya ba, ai mutumin da ma ba shi da kirki. Sai na gane ba sa son maganata. In ƙarya ce, to kowannensu ya rufe ƙofa a fuskar wanda ya zo duba ko yana raye. Suka fara neman takalmansu.

'Yar Kawu, taubashiyata, wadda a nan aka haife ta kuma a da ba ta da abokin tsokana kamar ni, tana tsaye a bakin falo. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ce mini da Turanci shekara biyar tana ganin babanta yana fita da jaka yana dawowa da ita a cike. Sannan ta lalubo Hausa, don kowa ya ji, ta ce, "Kai matsoraci ne. Ka jira ya mutu."

Gaskiya ta faɗa.

Da falo ya watse Inna ta fito cikin mayafin takaba, riƙe da jakar. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta da wannan a hannunta yau, kuma ba ta san ranar da za ta samu ba. Ta ce sau nawa tana roƙon Malam, wato Kawu, ya bar ta ta je bakin masallacin nan ta faɗi gaskiya, yana cewa in ta faɗa bai yafe ba.

Ta zuge jakar ta zazzage a gabana. Riguna suka zube, duk a ninke, suna ƙanshin sabulu. Ta ce ko ba wanda ya sa su, duk wata sai ya sa ta wanke, wai kada mutum ya dawo ya tarar da tasa tana warin ajiya. Ta ɗauko lamba ɗaya ta ajiye gefe, ta ce wannan ita za ta riƙe. Ta ɗauko lamba biyar ta jefa mini a cinya.

Ta ce, "Ɗan nan, hannuna ya gaji da wankin rigarka. Kwashe su ka fita mini daga gida."

Na kwashe. Yanzu jakar tana ɗakina a Dagenham. Asabar ɗin da ta wuce na kai ta fili ƙarfe goma. Mutum uku suka zo, biyu daga cikinsu sababbin zuwa ne da ba su san komai ba. Na raba riguna, na leƙa ciki, sauran duk suna nan. Lahadi na fara bin ƙofofi. A ta farko aka ce ba ya nan, ina jin tarinsa a ciki. A ta biyu mutumin ya buɗe, ya kalli jakar, ya ce wa ya aiko ni, ofis? Na tsaya na ji yadda kalmar take a kunnen wanda aka jefa da ita. Na ga fuskarsa, lafiyarsa ƙalau, na wuce ta uku.

Na kwafi wannan takarda biyu. Ɗaya zan ba duk wanda ya yarda ya karanta a nan. Ɗaya za ta tafi gida, a karanta wa mahaifiyata, don har yau ba ta karɓi gaisuwar mutuwar ƙaninta ba, ta ce a bar ta da zancen wanda ya cuci ɗanta. Ina roƙon wanda zai karanta mata kada ya tsallake ko layi ɗaya, ko ta ce ya daina.

Allah ka san abin da Kawu ya ɗauka wanda ba nasa ba ne. Ka sauke masa shi, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da golansa a inda ba sanyi. Ni kuwa ban kai in roƙa wa kaina komai a wannan takarda ba. Asabar mai zuwa ina fili, ƙarfe goma. Duk wanda ya san yana da riga a jakar nan, an wanke ta.